HALI ZANEN DUTSE: TO, IN DUTSEN YA TSAGE FA?



Tun muna ƙanana muke jin manya suna cewa hali zanen dutse ne, ba mai iya kankare shi. Ni ma a kan haka na tashi, har ran da na ga mutumin da na fi sani duk duniya, in ban da iyayena, ya koma wani mutum dabam, alhali kuwa fuskarsa ba ta sake ba, muryarsa ma ba ta sake ba. Abin da ya same shi shi ne ya sa na ƙudura a raina cewa in Allah ya nufa na gama makarantar nan lafiya, zan tafi jami'a in karanta ilmin da ke binciken yadda ƙwaƙwalwa take sarrafa halin ɗan Adam, da yadda halin yake sakewa idan ƙwaƙwalwar ta sami rauni. Turawa suna kiran wannan fanni niyurosaikoloji. Kada sunan ya ba ku tsoro, ni dai zan riƙa kiransa ilmin ƙwaƙwalwa da hali. Ga ɗan abin da na gani da idona, ga kuma wanda na tsinta wajen malamai da littattafai.

ABIN DA YA SAMI KAWU

Ina da kawu, ƙanen mahaifiyata, tela ne a ƙasar Kebbe. Duk wanda ya san shi ya san shi da haƙuri da kunya da cika alkawari. Idan ya ce maka ka zo ran Laraba ka karɓi rigarka, to, ran Laraba za ka tarar da ita a ninke. Shi ya ɗinka mini kayan makaranta lokacin da aka ɗauke ni aji ɗaya, bai kuwa karɓi ko sisi ba.

Shekara uku ke nan, cikin watan azumi, ya hau kabu-kabu zuwa Tambuwal don ya sayo zare da yadi saboda ɗinkin salla. A kan hanyarsu ta komowa sai akuya ta gitta, mai babur ya kauce mata, suka zube. Mai babur ya tashi da 'yan ƙuje-ƙuje. Kawu kuwa ya karye a ƙafa, ya kuma bugi ƙasa da goshi, bai farfaɗo ba sai washegari. Aka ɗinke masa ɗan tsagewar da ke goshin, aka kira mai ɗori ya ɗora ƙafa. Bayan wata biyu sai ga shi yana takawa, kowa ya yi hamdala, aka ce Kawu ya warke.

Ashe ƙafa ce kaɗai ta warke. Mutumin da ba a taɓa jin muryarsa daga zaure ba sai ya zama abu kaɗan ya hau faɗa. Mutumin da ba ya iya haɗa ido da surukinsa sai ga shi yana sakin maganganun banza a gabansa, yana ta dariya. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne sha'anin ɗinki. Hannunsa bai manta da kome ba, in ya hau keke ɗinkin yana fita sumul kamar da. Amma sai ya karɓi yadin mutum biyar, ya yanka na wannan, ya ajiye, ya yanka na wancan, ya ajiye, ya tashi ya tafi yawo, ba wanda ya gama. Kuɗin da aka ba shi na kafin alƙalami kuwa kafin magariba ya kashe su wajen tsire da lemo. In an yi masa magana sai ya ce shi lafiyarsa lau, mutane ne suka sa masa ido.

Nan fa kowa ya kawo tasa. Waɗansu suka ce iska ce ta shafe shi a inda ya faɗi. Waɗansu suka ce abokan sana'a ne suka yi masa sammu. Waɗansu kuma suka ce ai dama can halinsa ke nan, ɓoyewa yake yi. Aka yi rubutu, aka yi turare, aka sai da tumaki biyu, abu dai bai sake ba. Matarsa ta gaji ta yi yaji, ta tafi gidansu da 'ya'ya biyu.

Ni ma ina da nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Wata rana cikin hutu na je gaishe shi, na durƙusa na ce, "Kawu, ina wuni?" Sai ya dube ni gaban abokaina ya ce, "Kai ɗan boko, tashi ka ba ni wuri, ba abin da ka iya sai cin tuwo." Abokaina suka fashe da dariya. Daga ran nan har hutu ya ƙare ban sake taka ƙofar shagonsa ba. In na hango shi tafe sai in sake hanya.

ABIN DA LIKITA YA CE

Bayan kamar shekara guda da faɗuwarsa, sai wata rana farfaɗiya ta buge shi a bakin masallaci, abin da bai taɓa yi ba tun haihuwarsa. Wannan ne ya sa mahaifiyata ta ce sai an kai shi babban asibiti a Sakkwato. Da yake lokacin dogon hutu ne, sai aka tafi da ni don in riƙa karanta takardu.

Likitan ya saurari mahaifiyata har ta gama, sa'an nan ya tambaye ta, "Inna, ko ya taɓa faɗuwa ya bugi kai?" Ta ce, "Ya faɗi a babur bara, likita, amma ai ƙafa ce ta karye, ta kuwa warke." Ya sake tambaya, "Yana jin ƙanshi?" Muka yi shiru. Can sai ta tuna tun bayan haɗarin Kawu yake ƙorafin wai miya ba ta da daddawa, ko da an cika ta da ita. Likita ya sa aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa. Da hoton ya fito ya nuna mana waɗansu tabo guda biyu a daidai bayan goshi, bisa idanu.

Ya ce, "Inna, kin san doki da linzami. Kowane ɗan Adam yana da fushi da sha'awa da son yin abin da ya ga dama, wannan shi ne dokin. Nan bayan goshi kuwa nan ne linzamin yake, shi ne ke ce wa mutum dakata, wannan ba wurin faɗin haka ba ne, gama wannan aiki kafin ka kama wancan. Dokin ƙanenki yana nan da ƙarfinsa, linzamin ne ya tsinke. Ba da gangan yake yi muku ba. Kuma wurin da zai gane cewa ya sake, shi ma yana cikin inda ya lalace, shi ya sa yake ce muku lafiyarsa lau."

Mahaifiyata ta sa gefen mayafi ta share ido. Ni kuwa kunya ta rufe ni, don na gane wata guda na yi ina gaba da majinyaci. Wa zai yi fushi da gurgu don ya kasa gudu?

ƘWAƘWALWA DA SASSANTA

Da na komo makaranta sai na dami malaminmu na Bayoloji da tambaya, shi kuma bai gaji da ni ba. Ga taƙaitaccen abin da na koya.

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, watau kamar kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki yake samu daga abinci. Tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, suna aika wa juna saƙo dare da rana. Taushi gare ta ƙwarai, shi ya sa Allah ya ajiye ta cikin ƙoƙon kai, ya kewaye ta da ruwa.

Ta kasu ɓari biyu, dama da hagu, kuma abin mamaki, ɓarin hagu shi ke motsa gefen dama na jiki, na dama kuma shi ke motsa gefen hagu. Kowane ɓari yana da sassa. Sashen ƙeya shi ke lura da gani. Sashen da ke wajen kunne shi ke lura da ji da fahimtar magana da ajiye sababbin abubuwa a ka. Sashen tsakar kai shi ke karɓar labarin taɓi da sanin inda gaɓoɓi suke. Sashen goshi kuwa, wanda ya fi su girma, shi ne mai shirya aiki, da auna abin da zai biyo baya, da kame kai. Sassan nan ba kowa yake cin gashin kansa ba, aiki suke yi tare kamar 'yan gayya a gona, amma in ɗaya ya faɗi, kuyyar da yake nomewa ita za a fara ganin ciyawa a cikinta.

Me ya sa goshi ne ya fi shan wahala a haɗarin babur? Dalili shi ne, idan kai ya bugi ƙasa ya tsaya cak, ƙwaƙwalwar da ke cikin ruwa ba ta tsayawa nan take, sai ta ci gaba ta bugi ƙashi daga ciki. Ƙashin da ke bisa idanu kuwa daga ciki ba sumul yake ba, yana da kaushi da tudu-tudu, sai ya ƙuje ta. Jijiyoyin jin ƙanshi ta nan suka bi, shi ya sa Kawu ya daina jin daddawa. Kun ga ke nan mutum yana iya samun mummunan rauni a ciki alhali a waje ɗinki uku kawai aka yi masa.

Malam ya ƙara da cewa sashen goshi shi ne na ƙarshe wajen nuna, ba ya gama ƙosawa sai mutum ya kai wajen shekara 25. Ya ce wannan ya isa ya bayyana masa abubuwa da yawa da yake gani a ɗakunan kwananmu.

Mu Hausawa a zuciya muke ajiye hali, mukan ce wane mai farar zuciya ne, wane kuma zuciyarsa kusa take. Ba mu kaɗai ba ne, har Aristotal na ƙasar Girka ya ɗauka a zuciya tunani yake. Amma shahararren likitan nan Musulmi, Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya bayyana cewa tunani da riƙe abu a ka aikin ƙwaƙwalwa ne, kowanne da wurinsa. Ko da yake masu bincike na baya sun gyara wuraren da ya ambata, asalin maganarsa ta tabbata.

MUTUMIN DA ƘARFE YA RATSA KANSA

Yawancin abin da aka sani a wannan fanni daga majinyata aka koye shi. Wanda ya fi shahara cikinsu shi ne wani Ba'amurke mai suna Phineas Gage, shugaban leburori masu fasa duwatsu don shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Ran 13 ga Satumba, 1848, a jihar Vermont, yana cikin danna albarushi a ramin dutse da wani sandan ƙarfe mai tsawon fiye da mita ɗaya da nauyin kilo shida, sai albarushin ya tashi. Ƙarfen ya shiga ta ƙarƙashin kuncinsa na hagu, ya bi ta bayan ido, ya fita ta tsakar kai, ya faɗi can nesa. Ikon Allah, bai mutu ba. Bayan 'yan mintoci ma yana magana.

Likitan da ya yi jinyarsa, John Harlow, ya rubuta cewa kafin haɗarin Gage mutum ne natsattse wanda iyayen gidansa suke yabo, amma bayansa ya zama mai ashar, marar haƙuri, mai shirya abu ya watsar kafin ya fara, har abokansa suka ce ba shi ba ne. Kamfanin ya ƙi mayar da shi kan aikinsa. Da na karanta wannan sai na ga kamar labarin Kawu ake ba ni, sai dai an sake suna da gari.

Amma labarin bai ƙare nan ba, sauran ma shi ya fi yi mini daɗi. Daga baya Gage ya tafi ƙasar Chile ya yi shekaru yana tuƙa keken dawaki mai ɗaukar fasinja a doguwar hanya. Aiki ne mai bukatar sammako, da lura da dawaki, da karɓar kuɗi, da iya zama da mutane. Masana na yanzu suna ganin cewa an yi ƙari a labarin lalacewar halinsa, kuma wannan aiki mai tsari, yau kamar jiya, gobe kamar yau, shi ya taimaka masa ya maido da abu mai yawa na natsuwarsa. Ya rasu a 1860 bayan farfaɗiya ta yi ta bugunsa. Ƙoƙon kansa da ƙarfen suna ajiye a makarantar likitoci ta Jami'ar Harvard.

MAGANA DA MANTUWA

A 1861 wani likita Bafaranshe, Paul Broca, ya duba wani majinyaci a Paris wanda ya shekara 21 ba ya iya furta kome sai "tan", alhali yana fahimtar abin da ake gaya masa. Da mutumin ya rasu aka duba ƙwaƙwalwarsa, sai aka tarar da rauni a gefen hagu na sashen goshi. A 1874 kuma wani Bajamushe, Carl Wernicke, ya gano kishiyar wannan: idan raunin yana can baya wajen kunnen hagu, mutum zai yi ta zuba magana ba gargada, amma maganar ba ta da kan gado, shi ma ba ya gane ta mutane.

Wannan ya warware mini wani abu da muke gani a garuruwanmu. Idan ɓarin jiki ya shanye wa tsoho ta gefen dama, sau da yawa sai magana ta ɗauke, amma in ta gefen hagu ne galibi bakinsa yana nan. Dalili, ga yawancin mutane magana a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa take, maƙwabciyar wurin da ke motsa hannun dama. Akan kuma sami wanda ba ya iya cewa a ba shi ruwa, amma in an ja masa baƙin abin da ya haddace tun yana yaro sai ya ɗauka ya kai ƙarshe. Irin wannan mutum hankalinsa yana nan, yana jin duk abin da ake faɗa a kansa. Saboda haka mu yi hattara da bakinmu a gaban majinyata.

Sai kuma Henry Molaison, wani Ba'amurke da aka yi wa aiki a 1953 don a rage masa farfaɗiya, aka cire masa wani ɗan sashe daga can cikin ƙwaƙwalwa, dama da hagu. Farfaɗiya ta ragu, amma daga ran nan har ya rasu a 2008 bai ƙara iya riƙe sabon abu ba. In ka gaisa da shi ka fita ka komo, sai ya karɓe ka kamar baƙo. Wata masaniya, Brenda Milner, ta sa shi ya riƙa bin zanen tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi. Kullum hannunsa ƙara gwanancewa yake yi, shi kuwa kullum cewa yake bai taɓa yin wannan aiki ba. Da haka aka gane ashe ma'ajin abin da hannu ya iya dabam yake da ma'ajin abin da ya faru. Shi ya sa ɗinkin Kawu bai ɓata ba.

ABUBUWAN DA KE CUTAR ƘWAƘWALWA A ƘASARMU

Kada wani ya zaci wannan ilmi na Turawa ne kaɗai. Mu ne ma muka fi bukatarsa. Na farko ga haɗarin babur, wanda ya zama jakin zamani daga Kuchi har Dogon Daji. Tun 1 ga Janairu, 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano, amma ku tsaya bakin tasha ku ƙirga masu sa ta. Bincike kuwa ya nuna tana rage haɗarin raunin kai da fiye da rabi.

Na biyu sanƙarau, mai zuwa da bazara. A annobar 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, ya kuma sake ɓarkewa a 2017 a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu. Cikin waɗanda suka tashi akwai waɗanda ya bari da kurumta ko wuyar fahimtar karatu. Na uku zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kan yaro har ya suma. Na huɗu hawan jini, wanda shi ne babban mai jawo shanyewar ɓarin jiki. Na biyar gubar dalma, wadda ta kashe yara fiye da 400 a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, inda ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ta kuma taɓa ƙwaƙwalwar waɗansu da dama da suka rayu.

Sau nawa aka kira yaro daƙiƙi, aka yi ta bugunsa a aji, alhali tabon wata cuta ce da ya yi yana ɗan shekara uku?

Ga kuma abin da ya kamata kowa ya haddace. Idan mutum ya bugi kai, sa'an nan aka ga yana amai, ko barci yana rinjayarsa, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko jini ko ruwa yana fita ta kunne ko hanci, ko gefe ɗaya ya saki, ko ya rikice, ko ya yi farfaɗiya, to, a garzaya da shi asibiti, ko da ya tashi ya yi magana da farko. Jini yana iya taruwa a hankali cikin ƙoƙon kai, ga tsofaffi ma har bayan makonni.

HANYAR KARATUN

Masu aikin ƙwaƙwalwa iri-iri ne. Akwai likitan tiyata mai buɗe kai, akwai likitan jijiyoyi mai maganin farfaɗiya da shanyewar jiki, akwai likitan taɓin hankali. Masanin ƙwaƙwalwa da hali kuwa ba ya riƙe wuƙa. Aikinsa shi ne ya zauna da majinyaci ya auna shi da tambayoyi da 'yan gwaje-gwaje, ya gano abin da ya lalace da abin da ya saura, sa'an nan ya koya masa, shi da iyalinsa, yadda za a jingina da abin da ya saura. Wani Barashe, Alexander Luria, shi ne ya kafa harsashin wannan aiki sa'ad da yake jinyar sojojin da harsashi ya sama a ka cikin Yaƙin Duniya na Biyu.

Ƙasarmu ma tana da magabata. Farfesa Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro ta Abeokuta a 1954, inda masu taɓin hankali suke zaune a ƙauyuka tare da danginsu suna karɓar magani, maimakon a kulle su. Farfesa Latunde Odeku ya fara tiyatar ƙwaƙwalwa a Ibadan a 1962. A nan jiharmu akwai cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar hankali, wadda ta maye gurbin ta 1958.

Hanya biyu ce ke kai mutum ga wannan fanni. Ko dai ya yi digirin farko a Saikoloji, watau ilmin halayyar ɗan Adam, wanda ake koyarwa a jami'o'i irin su Jos da Ibadan da Nsukka, sa'an nan ya ci gaba da digiri na biyu da horo a asibiti. Ko kuwa ya yi shekara shida yana karatun likita, daga baya ya ƙware a sashen ƙwaƙwalwa. Kowace ka bi, sai ka riƙe Bayoloji da Lissafi da Turanci da kyau, mai son likita kuma ya haɗa da Kimistiri da Fizis. Tafiya ce mai nisa, amma sannu ba ta hana zuwa.

Akwai dalilin da ya sa nake ganin lalle ne 'ya'yan Hausawa su shiga fannin nan. Yawancin gwaje-gwajen da ake auna majinyata da su a Turai da Amurka aka shirya su. Cikinsu akwai wanda ake ce wa mutum ya zana agogo, ya sa hannuwansa a kan wani lokaci. To, ka ba tsohon manomi fensir, wanda bai taɓa riƙe shi ba, wanda da inuwa da kiran salla yake sanin lokaci, ka ce ya zana agogo. In ya kasa, ƙwaƙwalwarsa ce ta lalace ko gwajin ne bai dace da shi ba? Wannan tsoho kuwa zai lissafa maka kuɗin buhun gero goma da ka, ya ƙirgo maka kakanninsa bakwai. Sai wanda ya san harshen da mutanen ne zai iya shirya gwajin da zai auna su bisa gaskiya.

KAWU A YAU

Kawu bai koma yadda yake da ba, likita ma bai yi mana wannan alkawari ba. Amma yana shan maganin farfaɗiyarsa a kan kari, ta kuwa lafa. Da mahaifiyata ta je ta yi wa surukansa bayanin doki da linzami, sai biko ya yi sauƙi, matarsa ta komo. Yanzu ita ke riƙe kuɗi. Ba a ba shi yadi biyu a lokaci guda, sai ya gama ɗaya a miƙo masa wani. Ni kuma na rataya masa allo a bango, ƙanena yana rubuta masa aikin kowace rana. In aka ga ransa ya fara ɓaci ba a ja da shi, sai a kawo wata magana, nan da nan ya huce. Addu'a kuwa ba mu fasa ba, malamanmu ma sun karantar da mu cewa neman magani ba ya karya tawakkali.

A hutun da ya wuce na je na durƙusa na ce, "Kawu, ka yafe mini, na yi maka laifi." Ya ce, "Wane laifi, ɗana? Tashi in auna ka, wandon nan ya yi maka kaɗan." Wandon da nake sawa yau ran Juma'a shi ya ɗinka shi.

To, jama'a, ban ce karin maganar magabata ƙarya ce ba. Hali zanen dutse ne, amma dutsen nan a cikin ƙoƙon kai yake, yana kuwa iya tsagewa. Roƙona ga iyayenmu shi ne, idan mutum ya sake hali bayan faɗuwa ko zazzaɓi mai tsanani, kafin a ce iska ce ko sammu, kafin a sa shi a mari, a kai shi likita ya duba, a kuma gaya wa likitan labarin faɗuwar ko da ta daɗe. Roƙona ga 'yan'uwana ɗalibai kuma, mu daina jifan masu taɓin hankali da yi musu waƙa a titi, mu sa hular kwano in za mu hau babur, mu kuma dage da karatu, ko Allah ya fid da masana wannan fanni daga cikinmu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kiyaye mana hankulanmu, ya sa mu gama karatu lafiya, amin.